Ranar Da Na Riƙe Wuyan Matuƙin Jirgi

Ina sunkuye ina tsinkar kuɓewa a gefen dawar babanku, sai na ji jirgin ya yi tari sau biyu kamar tsohon da loma ta shaƙe, ya ƙara na uku, sannan ya yi tsit. Mun san jirgin nan kamar yadda muka san ladanin unguwa. Wani ɗan ƙarami ne ruwan ɗorawa, mai farfela ɗaya a hanci. Duk la'asar a daminar nan sai ya bi ta saman Challawa ya nufi gonakin shinkafa na wajen Kura, inda yake fesa wa tsuntsayen jan-baki magani. Da shi ma muke gane lokaci. In ya wuce, Ladidi da muke sayar da abinci tare a ƙofar baya ta kamfanin fata sai ta ɗora shinkafar masu aikin yamma. To ranar nan bai wuce ba. Na miƙe na kare ido da hannu, sai ga shi can saman rufin kamfanoni, farfelar tana juyawa a hankali har mutum zai iya ƙirgawa, babu ƙara ko kaɗan sai wani fiii na iska. Ya karkata, ya tsallake wayoyin lantarki da ƙyar, har na ce tayarsa ta shafe su, sannan ya daidaita hanci ya nufo gonarmu. Ni ya nufo, in gaya muku gaskiya.

Ban gudu ba, kuma kada wani ya ce muku jarumta ce, ƙafafuna ne suka ƙi. Na dai zube a ƙasa na kifa fuska ina salati. Inuwarsa ta bi ta kaina, iskarsa ta kaɗa mini zani, sai kuma na ji karan dawa suna karyewa, ƙas ƙas ƙas, kamar an saki garken shanu a gonar. Ya yi ta tafiya yana aske dawa har ƙarshen gona, wurin kwatar nan da ke kwashe ruwan wankin fata zuwa kogi. Nan tayoyinsa suka faɗa, hancin ya soke a gaɓar can, wutsiyar ta ɗaga sama ta tsaya. Na jira in ji fashewa, ban ji ba. Na taɓa jikina, komai yana nan.

Wannan ranar ita ce asalin maganar da kuka taso kuna ji a bakin Goggonku Hansai, wai uwarku ta rungume ƙato a bainar jama'a, wai daga nan ta yi yaji wata huɗu. Kai Auwalu kana makarantar kwana a lokacin, ke Rabi ko yayenki ba a daɗe da yi ba. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, don babanku ba ya son a tayar, ni kuma kun san bakina, in ya fara sai ya zarce. Yanzu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni kuma na je makarantar matan aure da furfurata na koyi riƙe biro. To ga shi a rubuce, wanda ya ga dama ya kai wa Hansai ya karanta mata.

Ni na fara isa wurin. Ƙofar jirgin a buɗe take, mutum ɗaya ne a ciki, yana zaune bel ya ɗaure shi a kujera, jini na zuba daga goshinsa. Ba yaro ba ne, ba kuma tsoho ba, zai kai sa'an ƙanena. Da yake jirgin ya sunkuya, kansa ya so ya rinjaya gaba, sai na ga yana ta ƙoƙarin riƙe shi da ƙarfin tsiya, haƙora a cije. Ya juyo da ido kawai ya dube ni, ya yi magana da Hausar mutanen Filato.

"Mama, akwai wanda na buge?"

"Babu, sai dawa."

"Na gode wa Allah. Kada ki ji tsoron wuta, na rufe mai tun ina sama. Tankin maganin ma babu komai, a can ake zuba mini."

"Ina ke maka ciwo, bawan Allah?"

"Wuyana. Hannun nan na hagu kuma kamar tururuwa na bi."

"Ƙafafun fa? Motsa su in gani."

Na leƙa, na ga takalmansa biyu sun motsa. Wallahi da na ga haka sai gabana ya faɗi fiye da lokacin da jirgin ya nufo ni, don na taɓa ganin ƙafa tana motsi haka, kuma na san abin da ya biyo baya. Ba ku san Kawunku Sale ba, yayana, sai dai a hoto. Ɗan dako ne a Dakata, ƙarfi kamar na ɓauna. Wata rana ya faɗo daga saman tirelar buhuna. Waɗanda ke wurin sun ce yana kwance yana magana, yana motsa ƙafa, har yana tambayar ina hularsa ta faɗi. Abokansa, don ƙauna, suka kama shi mutum huɗu, biyu hannu biyu ƙafa, kai yana lilo, suka saka shi a akori-kura suka bi ramukan nan na Dakata da shi har gidan mai ɗori, shi kuma ya ja wuyan wai ya koma. Kafin a kai asibiti ƙafafun sun mutu. Ina tsaye likita ya gaya wa Innarmu cewa faɗuwar ta tsaga ƙashin ne kawai, ɗaukar ce ta tsinke lakar. Shekara bakwai ni da matarsa muna juya shi muna wanke shi, har Allah ya karɓi abinsa. To wanda ya juya Yaya Sale shekara bakwai ba ya buƙatar karatu ya san abin da ake yi wa mai ciwon wuya.

Kafin in gama wannan tunani jama'a sun cika gonar, ma'aikatan kamfanin fata da takalmansu na roba, da na masaƙa, da 'yan ƙauyen gefe, kowa yana salati yana ba da umarni. Mutanenmu ba mugaye ba ne. Abin da muka gada shi ne in mutum ya faɗi a yi maza a ɗaga shi, a yayyafa masa ruwa, a zaunar da shi, a murza masa wuya, kuma wanda ya tsaya kallo shi ne mara imani. Ɗan'azumi maigadin kamfani har ya zaro wuƙa zai yanke bel ɗin, wani ya ruga kiran mai ɗori, wasu biyu sun turo baro. Ni dai ban san lokacin da na tattare zani na hau fiffiken jirgin ba. Na cire mayafina na naɗe shi kamar gammo, na zagaya masa a wuya, na sa tafukana biyu na dafe kansa ta kunnuwa, na tokare ƙofar da jikina.

"Asabe, matsa mu ciro shi," in ji Ɗan'azumi.

"Babu mai ciro shi."

"Ikon Allah! Ke likita ce?"

"Ni mai shinkafa ce, kai kuma maigadi ne. To a kira masu abin."

"Mutum na zubar da jini kina gardama?"

"Jinin goshi ne, ba ya kisa. Mayar da wuƙarka kube, in ba haka ba gobe ka nemi mai ba ka ƙanzo."

Aka yi dariya, amma ba su matsa ba. Shi matuƙin ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya ce su bi maganata, sai suka ce ai buguwa ce ta ruɗa shi, bai san abin da yake faɗa ba. Allah ya kawo akawun kamfani, yana da wayar hannu, lokacin ba kowa ke da ita ba. Matuƙin ya karanto masa lamba da ka, ya kira, aka ce ana turo motar asibiti daga gari. Daga gari zuwa Challawa kuwa, da yamma, da tireloli, kun dai san hanyar.

Ana haka babanku ya iso. Shi ne shugaban masu jiƙa fata a lokacin, rabin mutanen da ke tsaye a wurin yaransa ne. Ku ɗan tsaya ku ga abin da idonsa ya gani, don ban rubuta wannan don in ci mutuncinsa ba. Dawar da ya nome da hannunsa bayan ya tashi daga aiki, wata uku, ga ta a kwance. Ga matarsa a saman fiffike, ba mayafi sai ɗankwali, fuskarta dab da fuskar wani namiji, hannunta a kumatunsa. Sai kuma wani mara kunya daga baya ya ce, "Malam Garba, yau fa uwargida ta samu jirgi har da direba!" Wasu suka tuntsire da dariya. Na ga fuskar babanku ta canja.

"Asabe, sauko."

"Malam, wuyansa ne. In na saki, irin ta Yaya Sale za a yi."

"Na ce ki sauko. Ga maza nan, wani ya riƙe."

"To kai ka hau ka karɓe ni a hankali. Amma ka yi mini alkawari ba za a ciro shi ba sai motar ta zo."

Nan na yi kuskure, kuma na sani. Da a ɗaki na faɗi wannan magana, da ya hau, don mutum ne mai tausayi. Amma na faɗe ta da ƙarfi, a gaban yaransa, da muryar da nake kiran masu cin abinci.

"Ni kike kafa wa sharaɗi?"

Na ƙara dafe kan mutumin.

"Sauko, Asabe. Sau uku ke nan."

Na dubi Ɗan'azumi, wuƙar tana hannunsa har yanzu. Na dubi baron. Na san ƙafata na taɓa ƙasa za su yi kansa, kuma da kyakkyawar niyya za su yi.

"Ka yi haƙuri, Malam. Ko sau goma ne."

 Ya juya, mutane suka dare masa, ya bi ta cikin dawarsa da ke kwance ya tafi. Dariyar ta ɗauke. Matuƙin ya ce mini a hankali, "Mama, ki sauka. Kada aurenki ya mutu a kaina." Na ce masa ya rufe mini baki, auren da na shekara ashirin ina riƙo ba shi zai koya mini ba. Ƙarya nake, a tsorace nake.

Mai ɗorin ya zo, wani dattijo Malam Tanko, da 'yar jakarsa. Na ce masa, "Malam, da hannu ne ko ƙafa, da kaina zan kawo muku shi. Wuya ne." Ya matso ya tambayi matuƙin inda ke ciwo, ya ji batun tururuwar da ke bin hannu, sai ya ja da baya ya rataya jakarsa. Ya ce, "Ni ma ba na son wuya. Ku bar matar nan." Allah ya jiƙan dattijon nan. Maganar da na yi ta yi ba a ji ba, shi da ya faɗa sau ɗaya, Ɗan'azumi ya mayar da wuƙa.

Sauran kuma jira. Ban san awa nawa ba ne, na dai san na hau rana tana sama, na sauko ana kiran magariba. Kan mutum yana da nauyi, ba ka sani sai ka riƙe shi. Hannuwana suka fara rawa, ga warin kwatar yana tasowa, ga ƙuda suna bin jinin. Ladidi ta bar tukunyarta ta zo, ta hau bayana ta tallafe mini gwiwar hannu biyu, tana ce mini a kunne, "Ke dai Asabe ba kya jin magana, yau kin jawo mana." Tana faɗa tana kore mana ƙuda da bakin zaninta. Can na ga idon mutumin yana lumshewa, na tsorata kada ya suma kan ya faɗi. Ni da na ce ya yi shiru, ni na dawo ina tsokanarsa da magana.

"Kai, sunanka wa?"

"Bulus."

"To Bulus, duk filin Allah da ke Kano, me ya sa sai gonar mijina?"

Ya so ya yi dariya na hana shi. Sai ya yi ta gaya mini, kaɗan-kaɗan, yana hutawa. Ya ce in injin ƙaramin jirgi ya mutu ba faɗowa yake kamar dutse ba, sauka yake a hankali kamar shirwa, amma ba ka da damar sake hawa, kuma abin da za ka yi duka bai fi lokacin shan kofin ruwa biyu ba. Ya ce zuciyarsa ta ce ya juya ya koma filin jirgi, amma tun suna koyo aka gargaɗe su cewa masu juyawa su ne ba sa kaiwa, ga kuma gidajen mutane cike tsakani. Ya gwada tayar da injin sau ɗaya ya ƙi, sai ya bar shi ya shiga neman wuri. Titi akwai tireloli da masu babur. Filin ƙwallo akwai yara. Bakin kogi yashi ne, taya za ta nutse ya kife. Sai ya hango gonarmu doguwa, layin shukar ya miƙe daidai inda ya nufa, ya ce karan dawa za su rage masa gudu. Ya rufe mai, ya kashe wuta, ya buɗe ƙofa tun yana sama don kada ta maƙale in an bugu. Kwatar ce kawai bai gani ba, ciyawa ta rufe ta.

"Ni fa, ka gan ni?"

"Na gan ki, Mama, da jan zani. Ina ta roƙon Allah ki kwanta, kada ki gudu. Da kin gudu gaba da na same ki."

"To ka gode wa ƙafafuna da suka ƙi tashi."

Duk bayan ɗan lokaci sai in ce ya motsa ƙafa, Ladidi ta leƙa ta ce suna motsi, sai in ji wani sanyi ya ratsa ni, in ƙara damƙe shi. Da motar ta zo, ma'aikatan suka hau da wani katako dogo da abin ɗaure wuya. Babbansu ya dube ni ya ce, "Mama, kada ki saki sai na ce." Suka zare mayafina a hankali suka ɗaura nasu, wani ya sa hannunsa a kan nawa, sannan aka ce in zare. Yatsuna suka ƙi miƙewa, sai da Ladidi ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Suka yanke bel ɗin, suka zame shi kan katakon kamar ana zare ƙwai daga ƙarƙashin kaza, suka ɗaure shi tun daga goshi har ƙafa. Na tambayi babban nasu ko zai taka. Ya ce sai an ɗauki hoton ƙashi, shi ba zai yi mini ƙarya ba. Motar ta tafi da jiniya, ni kuma na sauko da ƙyar.

A gida na tarar da babanku a kan tabarma, Hansai a gefensa, ta riga ta zo ta yi aikinta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ki je gida, sai na neme ki." Ku lura da kyau, ba yaji na yi ba, tura ni aka yi, kuma bai furta saki ba, ko da wasa. Na goya ki Rabi, na ɗauki ƙullin kayana, washegari da safe na tafi Dakata wurin matar Yaya Sale, don iyayenmu sun rasu, nan ne gidan da ya rage mini.

Watannin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Wurin abincina wata ta shige shi, masu cin shinkafa kuwa ba sa jiran kowa. Kai Auwalu ka dawo hutu ba ka tarar da ni ba, aka gaya maka abin da aka gaya maka, ka ƙi zuwa gaishe ni, kuma ban riƙe ka ba. Amma abin da ya fi cina shi ne rashin sanin halin da mutumin nan ke ciki. Labari iri-iri ke zuwa. Yau a ce ya mutu a hanya, gobe a ce an kai shi Legas, jibi a ce yana nan amma daga wuya zuwa ƙasa babu. Sau biyu na je asibitin ƙashi, ban san cikakken sunansa ba, na ce Bulus mai jirgi, masu gadi suka ce in kawo takarda, ni kuwa a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. In na kwanta sai in ce, Asabe, in mutumin nan bai taka ba, kin rushe ɗakinki a banza, kuma Ɗan'azumi zai ce da an ciro shi da wuri da ya warke, babu mai iya ƙaryata shi. Ga shi kuma ɗakin da nake kwana shi ne wanda Yaya Sale ya yi jinya a ciki, ƙusar da muke rataya masa robar fitsari tana nan a bango. Matar Yayan takan ce, "Ke dai kin yi don Allah." In ce, "Na yi don Allah, Yaya, amma ina so in ga ƙafar."

Ladidi ce ke kawo mini labarin Challawa. Ta ce wasu injiniyoyi sun zo sun kwance jirgin gunduwa-gunduwa sun loda a tirela, sun ce ruwa suka samu a cikin man, wai durom ɗin da ake ɗibar masa ne ruwan sama ya shiga, ga damina. Abin da ya kusa kashe mutum ya kuma fitar da ni daga ɗakina ke nan, ruwan da bai cika gwangwanin madara ba. Ta ce babanku ya rame, tuwon Hansai ya ƙi karɓarsa, kuma duk Juma'a bayan masallaci sai ya hau kekensa ya ɓace har magariba, babu wanda ya san inda yake zuwa. Na ce to, Allah ya sa ba neman aure yake ba. In kuwa shi ne, Allah ya ba ta haƙurin munsharinsa.

Ashe asibiti yake zuwa. Daga baya na ji komai. Wurin injiniyoyin nan ya tambayi sunan mutumin da ɗakin da yake kwance. Ya ce da farko ya je ne ya ga ƙaton da ya jawo masa abin faɗa, sai ya tarar da mutum a kwance an ɗaure masa kai da ƙarfe, matarsa da 'ya'yansa biyu a gefe. Da matar ta ji ko shi wane ne, sai ta durƙusa ta kama ƙafarsa tana kuka. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a haske ya nuna masa inda ya tsage, ya ce tsakaninsa da lakar bai kai kaurin farce ba. Babanku ya koma Juma'a ta gaba da lemo, ya koma ta gaba, ya yi ta komawa. Amma ya zo Dakata ya gaya mini? Ina! Ya bar ni ina ta tufka da warwara wata huɗu, don bai san da wane baki zai fara ba. Wannan kam ban yafe masa da wuri ba, sai da muka je Makka.

Ranar wata Asabar da yamma ina tsakar gida na ɗora ruwan tuwo, na yi talge, sai na ji sallama a zaure, muryar babanku. Matar Yaya ta ce su shigo. Ya shigo, bai dubi inda nake ba, ya tsaya ya ɗaga labulen zauren ya riƙe. Sai na ji takun sanda. Bulus ya shigo, ya rame, wuyansa a cikin wani farin abu mai tauri, sanda a hannun dama, matarsa a bayansa ta miƙa hannu ko zai faɗi. Amma babu mai riƙe da shi. Akwai 'yar kwata da ta ratsa tsakar gidan, na zuba mata ido. Ya zo bakinta ya tsaya, ya ɗaga ƙafar dama ya tsallake, ya ɗaga ta hagu ya tsallake. Muciyar ta faɗi daga hannuna. Na zauna daɓas a ƙasa, ni da ban yi kuka ranar da aka ce in tafi gida ba, sai ga ni ina kuka kamar an yi mini mutuwa, ina dariya kuma, majina da hawaye, ke Rabi kika tsorata kika sa ihu.

"Mama, sannu da gida," in ji Bulus. "Ban iya durƙusawa ba tukuna, ki yi haƙuri."

"Kada ka kuskura! Tsaya a miƙe in gan ka. Ƙara takawa."

Ya taka har bakin rijiya ya dawo. Na ce ya sake, ya sake. Matarsa ta rungume ni tana magana da yarensu, ban ji ko ɗaya ba, na dai yi ta cewa amin. Babanku yana tsaye yana duban katanga kamar an aiko shi ƙirga bulo. Can ya yi gyaran murya.

"Sun zo da mota. Sai ki haɗa kayanki."

"Ina wuni, Malam."

"Lafiya lau. Na ce sun zo da mota."

"Na ji. Shi ke nan maganar?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi matar Yaya, ya dubi ƙasa.

"Wuyan ne, kamar yadda kika faɗa."

Na share fuska da bakin zani, na ɗauki muciyata na ɗauraye.

"To a shimfiɗa muku tabarma, Bulus kuma a ba shi kujera. Ba na barin tuwo a kan wuta."

Suka zauna, babanku da baƙinsa da direban motar, sai da na tuƙe na kwashe, kowa ya ci, na wanke tukunyar mutane na kife, sannan na shiga haɗa kaya.